Ƙofar Baya da Na Bari Cikin Ordinatar

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata Balkisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah shi sauke ki Yamai lafiya, shi tsare ki daga sharrin hanya, da na shufer ɗin mota mai gudu, da na abokin zama mai daɗin baki. Amin.

Na tura wagga takarda ƙarƙashin littattafanki don kada ki gan ta sai mota ta wuce Ƙonni. Kin san halina. In na zaunar da ke don nasiha, kafin in kai tsakiya na fara faɗa, ke kuma ki sunkuyar da kai kina ɓoye dariya. Shekara goma sha biyu kawai na girme ki, amma tun ranar da Yaya Abdu mahaifinki ya rasu kinka koma kirana Baba, kuma ban taɓa ɗaukar sunan da wasa ba. Tunda karatun ordinatar, wato kwamfuta, kinka zaɓa, ba ni da gona ko shanu da zan ba ki guzuri. Kurakuraina nake da su, kuma da yawa. Ga su nan.

Kin taɓa tambayata me ya sa duk duniya Madam Zuwaira kaɗai ba na ɗaga wa murya. Gidanta za ki sauka, don haka gara ki sani kafin ki ci tuwonta.

An kore ni daga kwalej saboda bakina. Mushe, wato malam, ya yi kuskure a allo, na gyara mashi, ya ce in zauna, na ce sai ya goge. Ya goge, ni ma anka goge ni. Daga nan na koma karatun tsince: jaridar da anka naɗe tsire, littafin da ba bango, takardar magani, duk abin da ke da baƙi. Da haka na samu aikin ɗan aike a wani proje na haƙa rijiyoyi nan Tawa. A buro, wato ofis, akwai ordinatar guda da wani bature ya bari, da littafinta mai kauri wanda ba wanda ya taɓa buɗewa. Tsakar rana in kowa ya tafi gida cin abinci, ni nakan zauna da littafin da ƙullin gyaɗa. Cikin shekara biyu na rubuta porogaram. Ana ba ta sunan gari, yawan mutanensa, da nisan da mata ke takawa kafin su kai ga ruwa, ita kuma ta jera garuruwan, wanda ya fi matsuwa a sama. Da wannan jerin ake tura masu haƙa in rani ya shigo.

Balkisa, kaina ya kumbura har ƙofar buro ta yi mani kaɗan.

Lokacin an buɗe siyasar jam'iyyu, kowane ɗan takara yana son a ce shi ya kawo wa garinsu rijiya. Darakta, wani dattijo mutumin Maraɗi, ya ji daɗin porogaram ɗina don duk wanda ya zo roƙo sai ya ce mashi, "Ba ni na jera ba, inji ne." Ni kuwa na ɗauka tunda inji ba shi da jam'iyya, magana ta ƙare. Ban yi tunanin cewa duk mai taɓa injin yana da tasa ba.

Ranar da na gama, na ce wa Darakta a ba kowa kalmar sirrinsa ta shiga. Ya dube ni kamar na zagi wani. Ya ce, "Lawali, mu nan akushi ɗaya muke ci. Ka raba mana mabuɗi, ka ce ba mu yarda da juna ba ke nan?" Ni da ba na jin kunyar kowa, ran nan na ji kunya. Na sa kalma ɗaya ga mutum bakwai. Kin san wace? BARMU. Ni da ba na yin zance uku ban ce ni ɗan Barmu ne ba! Kuma na rubuta ta ɓaro-ɓaro cikin jikin porogaram ɗin, duk wanda ya buɗe rubutun zai gan ta da manyan baƙaƙe.

Ɗiyata, duk inda kinka yi aiki za ki haɗu da wagga kunya tamu. Za a ce maki ai duk ɗaya muke. Ki ce awo, ɗaya muke, sannan ki ba kowa kalmarsa, ki ba kowa iya ɗakin da aikinsa ya kai shi. Mai buga takarda ba ruwansa da canza lamba. Kada ki rubuta kalmar sirri cikin porogaram, kada ki aje ta inda ido zai karanta, kuma don Allah kada ta zama sunan garinku. Raba mabuɗi ba zargin kowa ba ne. Kariya ce ga wanda ba shi da laifi, kuma yanzu za ki ga yadda na koyi haka.

Akwai wani Mushe Sanda, shi ke zagaya ƙauyuka yana tattaro bayanai. Ya yi ɗan kwas na wata uku a Yamai, saboda haka yana kirana "injiniyan tsince". Wata rana muna shan shayi ya ce, "Abin nan naka ai wasan yara ne, ko lamba ɗaya in ta shige ba ka iya gyara ta sai ka bi ƙofa goma." Jinina ya hau. Na ja shi gaban injin na ce ya buɗe idonsa. Na danna maɓallai biyu tare, sai ga tebur ɗin bayanai tsirara, ba tambaya, ba kalma. Wata ƙofar baya ce da na yi wa kaina tun ina gwaji, don ƙyuyar bin hanya mai tsawo, na ce zan toshe in na gama. Ban toshe ba. Ya ce, "Kai, ashe kai shaiɗani ne." Na yi ta murmushi har yamma.

Ƙofar da kinka buɗe don sauƙin kanki, ki toshe ta ranar da kinka gama gwaji, ba gobe ba. Kada ki ce ba wanda ya sani. Ni ma ba wanda ya sani, sai da bakina ya yi ƙaiƙayi.

To, sai ranar wata Litinin anka buga jerin rani. Darakta ya duba, ya cire tabarau, ya sake dubawa. Akwai wata tunga arewa da Takanamat, Tungar Illo, shi da kansa ya je ya ga matan can suna fita da jakuna tun asuba su dawo rana tsaka da ruwa mai launin ƙasa. Kowa ya san ita ce ta ɗaya. A takardar ta koma can ƙarshe. A sama kuwa wani gari ne kusa da Kalfu, mai rijiya biyu masu ruwa.

Ya tara mu. Ya ce, "Wa ya taɓa?" Ya juyo wajena. "Lawali, ko injinka ya ruɗe?"

Ga babban zunubina, ki karanta shi sau biyu. Na miƙe na ce, "Ranka shi daɗe, porogaram ɗina ba ta kuskure. Abin da anka ba ta take bayarwa. A tambayi mai bugawa."

Mai bugawa kuwa mutum ɗaya ce, Madam Zuwaira, sakatariya. 'Yar Damagaram ce, mijinta ya rasu, ɗiya uku gare ta, ba ta da kowa a Tawa sai aikin nan. Sanda ya gyara zama ya ce a hankali, "To, ni dai ban ce komai ba, amma an ga mutanen garin nan sun kai buhu wani gida." Ƙarya ce tsagwaronta, amma ba wanda ya tambaye shi wane gida. Darakta ya ce ta aje mabuɗin buro ta zauna gida, ranar Alhamis kwamiti zai zauna a rubuta takardar kora. Kin san garin nan. Mace baƙuwa da anka kora da sunan cin hanci, ko shara ba mai ba ta.

Ba ta yi kuka ba. Ta naɗe sallayarta, ta ɗauki kwanon abincinta, ta tsaya gabana. Ta ce, "Ƙanena, tambaya ɗaya. Injin naka ya ga hannuna?"

Na ce, "Madam, ai ke ke bugawa."

Ta ce, "Ban tambaye ka wa ke bugawa ba. Ya ga hannuna?"

Injin bai ga hannun kowa ba. Ban taɓa sa shi ya rubuta wa ya shiga, yaushe, me ya canza ba. Ko da na sa, mu bakwai duk sunanmu BARMU.

Kada ki taɓa rantsewa a kan porogaram, Balkisa, ko da ke kinka rubuta ta baƙi bayan baƙi. In anka ce abu ya lalace, fara cewa "bari in duba nawa". Duk lokacin da kinka ce naki ba ya kuskure, kin ɗauki laifin kin ɗora wa wani, kuma kullum kan wanda ba shi da mai tsaya mashi yake sauka.

Tsakar ranar nan ban ci gyaɗa ba. Na kwafe porogaram ɗin a disket, na zauna na ce yau ni ɓarawo ne, bari in ga ta ina zan shiga gidana. Wallahi kunya ta kama ni ni kaɗai. Na buɗe bayanan garin nan na kusa da Kalfu: an rubuta matansu na taka nisan da ya fi daga Tawa zuwa Agadas kafin su sami ruwa. Injina ya karɓa, bai ce uffan ba! Na buɗe Tungar Illo: an sa wa yawan mutanensu alamar ragewa a gaba, wato garin bai kai ko mutum sifili ba. Ya karɓa. Na zagi injin, na zagi baturen da ya bar shi, sannan na tuna wa ya rubuta.

Ban tsaya nan ba. Akwai wurin da ake rubuta sunan gari in ana nemansa. Na tuna yadda na haɗa shi: duk abin da mutum ya rubuta, ina ɗauka in manna shi kai tsaye cikin umarnin da nake ba injin. Sai na gwada a kwafin. Maimakon sunan gari, na rubuta umarnin gogewa. Ya goge. Tas! Garuruwa duka sunka ɓace cikin ƙiftawar ido. Wato ko ba ka san ƙofar baya ba, ta taga ma kana iya ba da oda a gidana. Kuma in ka rubuta shirme har porogaram ta tsaya, sai ta fito maka da sunan wurin da bayanai suke, da layin da ta tuntuɓe, kamar mai gadin da ke nuna wa ɓarawo ɗakin hatsi.

Ga abin da nake so ki rubuta a bangon ɗakinki. Duk abin da ya shigo ta hannun mutum, ki ɗauka baƙo ne da ba ki sani ba, ki tsayar da shi a zaure. Inda ake son lamba, lamba kaɗai. Ki sa mata iyaka ta ƙasa da ta sama, wadda hankali zai ɗauka. Inda ake son suna, ki ƙayyade tsawonsa, ki riƙe shi a matsayin suna, kada ki taɓa barin ya shiga cikin umarni ya zama shi ma umarni. In abu ya lalace, a ce wa mai aiki "an samu matsala, kira mai gyara", sauran bayanin ki aje inda ke kaɗai za ki gani. Malamanku na Yamai za su ba waɗannan abubuwa sunaye na Faransanci masu tsawo. Ki haddace don jarrabawa. Amma ki tuna ni da matan Tungar Illo munka riga su sani.

Yanzu na san ta ina anka shiga, kuma zuciyata ta san wa ya shiga. Na so in je in shaƙe Sanda a gaban shayinsa. Na kai har bakin ƙofa. Sai na tambayi kaina tambayar Madam: injin ya ga hannunsa? Bai gani ba. In na yi ihu, za a ce ɗan aike ya haukace, ranar Alhamis a kore ta, watakila a haɗa da ni. Karo na farko a rayuwata na haɗiye magana. Ɗaci gare ta, amma ban mutu ba.

Ranar Talata na ɗauko takardun da anka cike da hannu a ƙauyuka, na mayar da kowace lamba wurinta. Na toshe tagar neman suna, na sa wa lambobi iyaka. Na ƙara wani ɓoyayyen littafi cikin injin da ke rubuta wanda ya shiga, da sa'a, da abin da ya canza. Ƙofar baya kuwa na bar ta yadda take, sai dai yanzu duk wanda ya bi ta, tana rubuta shi. Saura abu ɗaya, kalmar kowa daban. Na shiga wajen Darakta.

Ya ce, "Ka dawo da zancen nan?"

Na ce, "Ranka shi daɗe, a masallaci sahu ɗaya muke tsayawa, amma in an sallame kowa ya san takalminsa. Akushi ɗayan nan ne ya sa ba mu san hannun wa ya kai ga naman ba, munka kama wadda ke wanke kwanon."

Ya ce, "Bakinka zai kai ka inda ba ka so wata rana." Sannan ya ce, "Je ka yi."

Na bi kowa na sa ya zaɓi kalmarsa da hannunsa, ni ma ban gani ba. Sannan na tsaya tsakiyar buro na yi abin da na fi iyawa, wato cika baki. Na ce na gyara jerin, Tungar Illo ta koma sama, ranar Alhamis da safe za a buga na ƙarshe a sa hannu, kuma ba mahalukin da ya isa ya sake taɓa shi. Sanda ya ce, "Injiniyan tsince ya yi magana." Na yi dariya tare da kowa.

Ranar Laraba da la'asar munka fita salla gindin itacen bedi. Sanda ya ce cikinsa na murɗa, mu yi gaba. Allah shi gafarta mani, sallar nan rabin hankalina na buro.

Ranar Alhamis kwamiti ya zauna. An kira Madam, ta zauna gefe da mayafinta, takardar kora tana gaban Darakta ba a sa hannu ba. Na ce a ba ni izini. Wani ya ce, "Ɗan aike kuma?" Darakta ya ce a bar ni.

Ban fara da Sanda ba. Da kaina na fara. Na ce ranar Litinin na yi ƙarya. Na lissafa masu duka: kalma ɗaya ga mutum bakwai, ƙofar baya, injin da ke yarda mata na zuwa Agadas ɗibar ruwa, tagar da ke karɓar oda. Na ce ni na gina gida ba ƙyaure, sannan na nuna wagga baiwar Allah da yatsa don in ceci sunana. Gumi na zuba, amma na kai ƙarshe. Sannan na aje takardar da na buga da safe. Layi uku ne kawai: an shiga ranar Laraba da la'asar da kalmar Mushe Sanda, an bi ta ƙofar baya, an sauke Tungar Illo an ɗaga garin nan na kusa da Kalfu. Lokacin Madam tana gida kwana biyu, mabuɗinta na cikin aljihun Darakta.

Sanda ya miƙe. "Za ku yarda da yaron da ko takardar gama kwalej ta brebe ba shi da ita? Shi ya rubuta abinsa!"

Na ce, "Mushe, kalmarka ko ni ban san ta ba, da hannunka ka zaɓa. Kuma lokacin ina sahun gaba, kafaɗata na gugar ta Darakta. Ya cikin naka? Ya lafa?"

Balkisa, dattawan nan har da mai riƙe ciki don dariya. Darakta ya ɗauki takardar kora ya yage ta gida biyu a gaban kowa, ya miƙe tsaye, ya ce, "Madam, mun zalunce ki. Ki yafe mana." Ya ciro mabuɗin ya ba ta da hannu biyu. Daga baya anka gane ɗan takarar da Sanda ke bi ne ya yi wa garin nan na kusa da Kalfu alkawarin rijiya ta uku. Sanda bai ƙara kwana a projen ba.

Ranin nan anka haƙa rijiyar Tungar Illo. Na je ranar da ruwa ya fito. Tsoho Illo ya ba ni a ƙwarya, ya ce, "Kai ne yaron injin?" Na ce ni ne. Ya ce, "To ka gaishe shi." Ban gaya mashi injin ya taɓa cewa garinsa ba kowa ba. Porogaram ɗin nan har yau da ita ake aiki, an gwada ta ta gaba an gwada ta ta baya, ba a sake shiga ba. Wannan kam zan cika baki da shi har kabari.

Amma ranar Alhamis ɗin, da taro ya watse, na sami Madam tana shimfiɗa sallayarta inda take aje ta. Na durƙusa, ni da ban durƙusa wa mushe ba. Ta ce, "Tashi, ƙanena, kana tare mani hanya." Sannan ta ce, "Na yafe. Amma daga yau duk abin da ka rubuta, ni zan fara zama in gwada ɓata shi." Haka anka yi har anka yi mata canjin aiki zuwa Yamai. Ba ta san yaren inji ba, amma ta fi ni sanin abin da hannun mutum ke iya bugawa, kuma ta kama ni sau da dama. Ke ma ki nemi mai ɓata maki aiki tun yana hannunki, ki gode mashi, ko da ranki na tafasa.

Da na rubuta mata cewa ɗiyata za ta zo karatu ba ni da inda zan sauke ta, amsarta layi biyu ce. Ta ce ɗaki na nan, a turo ki. Ta ce kuma in ke ma irin bakina ne da ke, ta saba.

Ki gaishe ta da kyau, ki kama mata aikin gida, ki riƙe salla kan lokaci. Ki rubuto wa innarki, tana ta share ɗakinki alhali ba ki ko tafi ba. Allah shi buɗe maki ƙwaƙwalwa, shi tsare mutuncinki, shi sa kada hannunki ya zama sanadin kukan wani, shi dawo mana da ke Tawa lafiya da abin da kinka je nema.

In kin rubuta porogaram ɗinki ta farko, kada ki aiko mani. Ni yabonki zan yi. Ki kai wa Madam Zuwaira, ki ja mata kujera.

Wassalam.

Babanki,
Lawali